Ƙarfen da Ya Koyi Faɗana

…kuma wai kar in taɓa. Ni. Ni da na yi shekara da shekaru ina share teburin maigidana mai gyaran rediyo ban ɓatar masa da ko ƙusa ɗaya ba, yau ni ake ce wa kar in taɓa. Sun sa mini wata shuɗiyar riga a kan kayana, sun ɗaura mini igiya a wuyan hannu, ɗaya bakin an maƙale shi a jikin tebur, sai ka ce akuya. Wai akwai wuta a jikin mutum, 'yar mitsitsiya, in ta yi tsalle daga yatsa sai ta kashe abin nan take. Wuta a jikina… Malam, da kana raye da ka ce ai kai ka daɗe da sani.

Dariya ke neman ƙwace mini. A'a. Ba a wurin aikin mutane ba. Gyara zama. Ita ma wannan kujera mai taya ba ta da tarbiyya, ka ɗan motsa ta kama hanya da kai.

Ga shi can, ina kallonsa. Akwatin zafi mai 'yar tagar gilashi, kamar na gashin burodi, kuma a ciki aikin jikarka ne kwance yana shan wuta. Takwarata. Yarinyar da kake ɗorawa a cinya tana riƙe maka dalma, ina faɗa hayaƙi zai shiga mata ido, kana cewa bar ta. To ga inda "bar ta" ta kawo mu. Abin da ta zana bai kai farcen babban yatsana ba. Baƙi wuluk, da ƙafafu sirara a jere kamar na kyankyaso. Da safe ta koya masa muryata, ta kashe shi, ta zare batir, Farfesansu da hannunsa ya sa shi a akwatin ya rufe. Zafi ne ke gaggauta musu mantuwa, in ji ta. Ɗan zaman da zai yi a ciki kamar ya yi shekaru ne a aljihun mutum. Bayan azahar za a fito da shi a gaban baƙin da suka zo daga kamfani, in yi masa magana. In ya gane ni, an ci. In ya manta —

In ya manta, Farfesa ya riga ya gaya mata, a gabana kuwa, babu ko kara: wannan ne na ƙarshe. Sau biyu ana kai zanenta a ƙera, sau biyu abin na dawowa ba ya riƙe komai. Ba za a sake ba. A rufe aikin, a mai da ita wani tebur ta riƙa duba zanen wasu. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma ina son haka. Amma da ya faɗa sai da na ji hannuna na ƙaiƙayin kunnensa.

Ba zai manta ba. Ji yadda ƙirjina ke dukan ganga kamar yarinyar da aka ɗinka wa sabon kaya… Tsohuwa da ke. Ki nutsu.

Abu uku ne kawai. Kashe fitila. Rage fanka. Rufe ƙofa. In faɗa, kowanne ya kunna ɗan ƙwansa a jikin allo — ja, rawaya, kore. Ta ce bari ta rubuta mini su a takarda da manyan baƙaƙe, tunda karatuna bai wuce haɗa baƙi ba. Na ce ki rubuta wa wa? Maganar da nake yi tun kafin a haifi ubanki? Ta mayar da biro aljihu. Ta dai kalle ni. Wane irin kallo ne wannan?

Kashe fitila, rage fanka, rufe ƙofa. Ga su nan daram.

Ka san yadda aka yi na faɗo cikin lamarin? Abin na tsofaffi ne, masu ciwon gwiwa da waɗanda tashi daga gado ya zame musu aiki. Ɗan batir irin na agogo ya ishe shi, ba ruwansa da waya, ba ruwansa da kowa, ya ji muryar mai shi ya yi abin da aka ce. To muryar tsofaffi ce ke ba injuna wahala, haƙori ya zube, numfashi ya gajarce. Sai ta ce wa Farfesa tana da wata tsohuwa a gida da ba ta taɓa canza yadda take faɗa ba. Ina cikin wanke-wanke ta shigo riƙe da waya, ta kunna fitila da rana tsaka, ta tsaya tana jira. Na ce kashe fitila. Ta daka tsalle, wai yauwa Kaka, sake. Na ce ni za ki mayar rediyo? Ta ce ita fa ta yi bincike, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin na ce a kunna ko a buɗe ba, kullum a kashe, a rage, a rufe. Da ni aka ba duniya da tuni na kulle ta na sa mabuɗi a lalita. Ja'ira. Na bi ta da ludayi har tsakar gida. Da na koma kan kwanukan dai na yi murmushi, ba wanda ya gani.

Ɗaukar murya an gama tuntuni, amma halin ya zauna mata. Yarinyar da na horar da hannuna. Yanzu ta fita ta bar ƙofa a wangale. Ta bar fanka tana ta gudu ba kowa a ɗaki. Ga tambayoyin banza: Kaka yau wace rana, Kaka ina muka ajiye mabuɗin sito, Kaka ya sunan matar nan mai sayar da zare. Mai digiri biyu, ba ta san ranar da take ciki ba. Boko ya cika kai ya ture hankali gefe. Bari a gama wannan, zan zaunar da ita.

Su ma nan ɗin haka suke. Dubi sama — fitilu a jere suna ci, ga rana ta cika taga. Fanka kuwa kamar za ta tsinke ta fille wa mutum kai. Wayoyi a ƙasa kamar hanjin kaza. Kofin shayi a kan littafi. Wa ya yi renon mutanen nan? Ga wani ɗan talabijin da ba ya nuna komai sai koren layi ɗaya, in na yi tari ya zabura ya yi rawa. Bari in ƙara… Ga shi, ya ji ni. Kai. A'a, daina. In wani ya shigo ya tarar da ke kina wa talabijin tari fa?

Amma Malam — abin da na gani da safe. Wayyo, da kana nan. Kafin a sa shi a wuta ta kama kaina ta kai idona bakin wani madubi mai ƙafa, irin na asibiti, ta ce rufe ido ɗaya. Da fari duhu. Sai ta murɗa… gari, Malam. Gari guda a cikin abin da bai kai farce ba. Tituna a miƙe ɗoɗar, ba wanda ya karkace, layi bayan layi, gidaje 'yan murabba'i suna ƙyalli kamar an wanke su da safe. Ba shara. Ba wanda ya fito da katangarsa kan hanya. Na ce wa ya shata wannan? Ta ce ni. Na ce da hannunki? Ta ce da kwamfuta, amma ni na ce wa kowane layi ga inda za ka bi. Na ɗago na kalle ta, na sake komawa. Yarinyar da ɗakinta ke kamar an yi dambe a ciki. Ashe tsaftar da na dasa ba ta mutu ba, nan ta gudo ta ɓuya. Ban gaya mata ba. Na ce layin gefe ya yi kusa da bango. Ta ce Kaka, ko Farfesa bai kai ki ba.

Mahaɗa take ce musu, gidajen nan. Ta sha yi mini bayani ina tsince shinkafa. Wai a cikin kan mutum jijiyoyi ne birjik kamar saiwa, kuma ba a ɗaure suke da juna ba, akwai ɗan wurin da wannan ke miƙa wa waccan saƙo. Nan tunawa take zaune. Inda ake yawan bi sai ya yi ƙarfi, kamar 'yar hanya a cikin ciyawa. Inda aka daina bi ciyawa ta rufe. Su take kwaikwayo da waya da ƙarfe. Kowace mahaɗa ɗan ƙoƙo ne mai riƙe ɗigon wuta. In ɗigon na da yawa saƙo ya wuce da ƙarfi, in kaɗan ne ya wuce a raunane. Na ce wannan ai kwandansa ce, Malam na da su cike da gwangwanin madara. Ta yi ta dariya, ta ce ita ce, jikanyarta ce, kamar ni da ke.

Ta ce kwamfuta abu biyu kawai ta sani, i da a'a. Nata kuwa ya san kaɗan, ya san da ɗan dama-dama, ya san sosai. Na ce to kwamfutar ta fi tarbiyya. Ni i da a'a na sani. Yaro ya wanke hannu ko bai wanke ba, babu ya ɗan wanke. Ta ce amma kan mutum ba haka yake aiki ba, Kaka, har naki. Har nawa. Ji rashin kunya.

Ƙamshin dalma… wani na liƙi a ɗakin gaba. Teburinka a bakin taga, rediyon mutane a jere da hanjinsu a waje, kana hura ɗan hayaƙin gefe, tabarau a kan hanci. Kana ce mini miƙo mini wancan. Wanne? Wancan mana. Kuma in miƙo maka daidai.

Yoyo. Shi ne ciwon. Ƙoƙunan nan yoyo suke yi, komai kyan ƙira. A zuba ɗigo da safe, kafin yamma ya ragu, abin da aka koya ya bi shi. Na farko haka, na biyu haka. Ranar da na biyun ya dawo ta shigo gida ba sallama, ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da buhun gawayi da fararen kayanta. Ban lallashe ta ba, ban iya ba. Na ce tashi, ƙasa ba wurin zaman mai aiki ba ne. Na tura mata abinci. Ta ci tana hawaye, na yi kamar ban gani ba, na ƙara mata nama.

Sai wata safiya ta fito daga wanka da sabulu a kunne tana kiran Kaka, Kaka. Na ce koma ki sa kaya. Ta ce ta daina yaƙi da yoyo. Tunda ba za a hana ba, a bar shi. Biyu-biyu za ta yi su, kowace mahaɗa ƙoƙo biyu manne da juna, ƙira ɗaya, zafi ɗaya ke dukansu. In wannan ya yi yoyo wancan ma ya yi daidai da shi. Ba yawan abin da ke ciki za a duba ba, tazarar da ke tsakaninsu za a duba. Ko sun ragu, tare suka ragu, tazarar na nan. Ita ce tunawar. Shi ya sa gidajen da na gani a madubi duk tagwaye ne, kafaɗa da kafaɗa… Ban gane duka ba a lokacin. Na dai gane yarinyar ta dawo da cin abinci.

Biyu-biyu.

Ni da kai ma haka muke. Mu je gaisuwa, kai ka san hanya, ni na san sunan kowa a gidan. Ka sunkuyo ka ce wace ce wannan mai tahowa, in ce matar ƙanin mai gidan ce, wadda ta haifi 'yan biyu, ka washe baki ka gaishe ta kamar kullum da ita kake kwana a rai. Ni in manta inda na sa allura, ka ce duba bakin labule. Ba wanda ya taɓa kama mu. Kai rabi, ni rabi, mutane na cewa gidan nan ba a mantuwa. Tun da ka tafi…

A'a. Ba yau ba. Yau ranar farin ciki ce.

Butar shayi dai na samu a cikin kabad ɗin kaya. Sau ɗaya. To, da gishirin da na zuba a shayi. Kowa na yi. Da ranar da na tsaya a bakin titinmu, titin da na taka har ya san ƙafata, na rasa dama zan yi ko hagu — ɗan lokaci ne, kamar ƙiftawar ido, sai ya dawo. Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce? Babban ɗanka ya ji ya kwashe ni zuwa asibiti, matarsa ta fara yi mini magana da ƙarfi a hankali kamar kurma? A karɓe mini mabuɗin sito? Ni da ake tsoron takuna. Gajiya ce. Mutum ya yi barci ta wuce.

Agogon bango ya matsa. Akwatin na ta ɗan gurnani. Me kake ciki yanzu, ɗan baƙi? Kana riƙe da ni? Riƙe da kyau. Ka ji zafi, na sani, kowa ma da zafi ya koyi abin da ya koya. Yi yoyonka, amma ku yi tare. In ka kunyata mini jika sai na — me zan yi maka, kai da ba ka da kunnen ja?

Ai kana da kunne. Kunnen ne ma gaba ɗayanka. Kai, wannan zamani. Muryata a cikin ƙarfe, Malam. In Allah ya sa an ci, za a buga irinsa dubbai, wata tsohuwa a wani gari da ban taɓa ji ba ta kwanta ta ce a kashe fitila a kashe, ba sai ta jira surukarta ta ga dama ba. Kuma da faɗana aka fara. Faɗan da kuke cewa ya yi yawa. To ga shi ya zama aikin yi, har baƙi na zuwa kallo.

Bari in sake bi. Kashe fitila. Rage fanka. Da…

Da.

Kashe fitila — ja. Rage fanka — rawaya. Kore kuma… Yana nan. Yanzun nan na faɗe shi. Yana bakin harshena, ina jin nauyinsa. Abu ne na gida. Kullum ina faɗa. Wanke hannu? A'a, me ya haɗa inji da wanke hannu. Ɗauke takalmi? Sauke tukunya? Tsaya. Kar ki kore shi, in kika bi shi da gudu ƙara nisa yake yi. Kalli wani wuri, zai dawo da kansa kamar ranar titi. Kalli taga. Kalli koren layi. Kashe, rage… kashe, rage…

Takardar. Da na bari ta rubuta.

Takun mutane. Tun yanzu? An yi azahar ɗin? Ai na yi salla a ɗan ɗakin can, ita ta shimfiɗa mini darduma… na yi. Na yi mana. Ga su. Farfesa a gaba, baƙi biyu a baya, namiji mai ƙaton agogo da mace mai tabarau riƙe da ɗan allo. Takwara ce ƙarshe, ta tura ƙyaure da ƙafa ya koma ya datse. Ta sha ruwa kuwa? Leɓenta ya bushe. Sun gaishe ni, Mama ina wuni, Mama an gode da kika zo. Na amsa. Murya ta fita daidai, ba rawa. Madalla. Miƙe baya. Ba a ganin tsoro a fuskata, ba a taɓa gani ba.

Farfesa ya sa safar hannu ya buɗe akwatin. Zafi ya bugo har nan. Ya ɗauko shi da ɗan hantsaki kamar mai cire ƙaya. A jira ya huce, in ji shi. A jira. Yauwa, a jira, a daɗe ana jira… Kashe, rage… Ya Allah, ba don ni ba. Shekarun yarinyar nan ne a kan tebur. Abin ya riƙe nasa, ni in zubar da nawa? A ce inji ya tuna, tsohuwa ta manta? Ko ma ba za su gane haka ba — in na faɗi wata magana daban ƙwan ya ƙi kamawa, mai agogo zai ce abin ne ya yi yoyo. Su rufe littafi su tafi. Kuma ni na jawo.

In ce mata a kunne? Takwara, mene ne na ukun? A gaban baƙi? In na tambaya ta sani. In ta sani, shi ke nan, gobe ba ni ce Kaka mai mabuɗi ba.

Ta dasa shi a allo. Ta sa batir, ya zame, ta sake. Koren layi ya farka. Ta turo mini ɗan abin magana gaban baki. Ta ce, a hankali, "Bismillah, Kaka. Yadda kika saba."

Ɗaga kai. Fitilun nan masu ci da rana tsaka, tun safe suke cina.

"Kashe fitila."

Ja. Ja, Malam. Ya kama. Ya kama tun ban rufe baki ba. Ya sha wuta ya fito bai manta ni ba, ɗan albarka. Mai tabarau ta rubuta wani abu. Takwara ta dafe tebur da hannu biyu. Kar ki yi kuka, ja'ira, saura biyu. Iska na kaɗa mini gefen mayafi, wannan fanka marar mutunci —

"Rage fanka."

Rawaya. Farfesa ya saki numfashi har na ji. Mai agogo ya matso, ya ce a bari shi ma ya gwada, ya faɗa da muryarsa ta maza; ko gezau. Suka yi dariya. Takwara ta ce ai mutum ɗaya ya sani a duniya. Mutum ɗaya. Ni. Da ba don igiyar nan ba da na tashi na — a'a, da ban tashi ba, amma da na so.

Saura kore.

Duk sun juyo. Ido takwas. Fanka na juyawa. Ina duba ɗakin, fitila na gani na faɗa, fanka na ji na faɗa, na ukun ba abin da ke nuna mini shi. Komai na wurinsa. Bango. Taga. Kofin shayi a kan littafi — ɗauke kofi? A'a. Bakina a buɗe, ba komai a ciki. Fari fat, kamar an share allo. Malam, sunkuyo ka gaya mini. Kai ne mai rabin. Duba bakin labule, ka ce… babu labule a nan.

Yi tari. Ƙara tari. Koren layi na rawa, yana jira. Farfesa ya ce ko a ba Mama ruwa. Mai tabarau ta ɗaga biro daga kan allo. Ta fara kallon ɗan baƙin abin nan, ba ni ba. Shi take zargi. Shi da bai yi laifin komai ba.

Takwara ta miƙe. Wai bari ta ɗebo ruwan. Yanzu? Ki tafi ki bar ni da su? Ba ta ko kalle ni ba. Ta ratsa bayan Farfesa, ta ja ƙyaure, ta fice, ta bar shi a wangale, hayaniyar waje na shigowa, ana ganin mutane na wucewa suna leƙe, a gaban baƙi, a gaban shugabanta, wannan yarinya sai ta kashe ni, sau nawa zan —

"Rufe ƙofa!"

Kore.

Kore… Tafi suke yi. Mai agogo na girgiza hannun Farfesa, Farfesa na dariya, ashe yana da haƙora. Mai tabarau na cewa a sake, a sake daga farko, tana so ta ɗauka a waya. An ci. An ci, Malam, jikarka ta ci, tagwayen ƙoƙunanta sun riƙe, ba za a mai da ita teburin kowa ba. Ja, rawaya, kore, duk suna ci a jere, kuma yau ban ce a kashe ba. Ku bar su su ci. Ina take? Ta zo ta gani mana, ita da ta —

Tana bakin ƙofa. Ba ta je ko'ina ba. Ba kofi a hannunta. Taku ɗaya ta yi ta tsaya a bayan ƙyaure, kuma ba allon take kallo ba. Shekarunta na can suna ci kore, kowa na kallonsu, ita ni take kallo. Irin kallon ɗazu, na sa'ad da ta mayar da biro aljihu.

Ba ruwa ta je ɗebowa ba.

Ƙofar gida a wangale… fanka ba kowa a ɗaki… an gama ɗaukar murya tuntuni. Kaka yau wace rana. Kaka ya sunan mai zare. Mai digiri biyu. Inda ake yawan bi sai ya yi ƙarfi, inda aka daina bi ciyawa ta rufe — ina tsince shinkafa take gaya mini, kullum tana bi, kullum tana sa ni in bi… Butar. Da na koma kabad zan ɗauke ta kafin a gani, ban same ta ba, tana kan murhu a wanke. Na ce a raina ni na mayar na manta.

Tun yaushe? Tun butar? Tun kafin butar?

Ana yi mini magana. Mama, a sake daga farko. To. Bari. Igiyar nan ta matse mini hannu, wani ya kwance… Tana tahowa, tana murmushi, idonta jajir, za ta durƙusa ta ce Kaka kin gani, kuma ni zan ce mata me? In yi faɗa? Na me? Zaunar da ita da na ce zan yi…

Ƙofar na nan a buɗe, Malam. Ba wanda ya rufe. Ina kallonta, maganar na bakina, na san ta yanzu, na riƙe ta gam — kuma na kasa sanin ko in faɗa, ko in bar ta haka… Kujerar nan sai tafiya take da ni a hankali, kuma ƙafata ba ta kai ƙasa ba.